Kanwar Jegon Gumsu

Ranar Juma'a da hantsi Ba'ana ya sauke injin a gaban rumfar Nnadozie, ya kwance tabarmar da ya naɗe shi da ita, ya ja baya yana share gumi. Injin kwalekwale ne, irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi, tsoho tukuf, fentinsa ya koɗe har ba a gane launinsa na asali. An ce wani Bature mai auna ruwa ne ya bar shi a bakin Tafkin Chadi. Ya bi hannu uku kafin ya iso na Ba'ana, kuma a cikin ukun nan babu wanda ya taɓa kwance masa ko noti ɗaya. Shi ma Ba'ana bai taɓa ba. Abin da ya sani shi ne ya zuba mai, ya yi bisimilla, ya ja igiya.

A Maiduguri ta lokacin, shekara biyu da samun mulkin kai, in ka ce injin ruwa sai a nuna maka rumfar Nnadozie a bayan tashar mota. Mutumin Anaca ne, a jiragen ruwa na kogin Kwara ya koyi aiki kafin neman abinci ya kawo shi garin yashi, inda yake fama da manyan motoci da injinan niƙa. Hausarsa ta fita sarai, har da ɗan Barbarci na gaisuwa. Aibinsa ɗaya, in aibi ne, ba ya sauri. Kowane noti ya kwance sai ya goge shi da tsumma, ya duba shi ciki da waje, ya ajiye a faranti a jere da 'yan'uwansa.

Ya saurari bayanin Ba'ana, yadda injin ya ɗau zafi a tsakiyar tafiya, ya yi hayaƙi, ya mutu. Ya ce ciwon ƙarami ne. Akwai wata 'yar roba mai fukafukai, ba ta fi lemon tsami girma ba, ita ke jawo ruwa tana sanyaya injin, ita ce ta cinye. Yana ma da wadda za ta shiga. Sai dai robar tana zaune ne a cikin sashen ƙasa, wanda farfela ke jiki, makanikai suna ce masa ƙafa, kuma dole a zare ƙafar kafin a kai gare ta.

Ya kwance notuna huɗun da ke riƙe da ƙafar. Ya kamata ta sulluɓo da kanta. Ta buɗe ɗan tsagi, daidai bakin wuƙa, ta tsaya cak. Ya girgiza, ya murɗa, ya sa gwiwa ya ja, ko gezau. Ya leƙa tsagin da ido ɗaya ya daɗe, sannan ya miƙe ya ce akwai doguwar sandar ƙarfe da ta taso daga ƙafar ta shige cikin injin can sama, kanta ne ya yi tsatsa ya haɗe da mazauninsa. Shekara da shekaru ba ta ga giris ba.

Ba'ana ya nuna babbar gudumar da ke jingine da bango. Nnadozie ya girgiza kai. Ya ce gangar jikin ƙafar ba baƙin ƙarfe ba ce, alminiyom ce, bugu ɗaya za ta tsage. Hanya ɗaya ce: a kifa injin, a rataye shi kai a ƙasa, a riƙa ɗura kananzir da man birki ta tsagin safe da yamma, su bi sandar su gangara har inda ta kama. Kwana uku. Ranar Litinin za ta fito.

"Masta, ba ni da Litinin," in ji Ba'ana.

A nan ya gaya masa abin da ya hana shi barci. Matarsa Gumsu tana wani tsibiri a tsakiyar tafki, inda suke banda kifi, da ciki wata tara. Ba kowa tare da ita sai kawunta Kashim, tsoho mai ɗinkin koma, wanda ido ɗaya ya rage masa, kunne kuwa sai an yi masa ihu. Sauran masuntan duk sun tashi, domin ruwan bana ya cika fiye da yadda tsofaffi suka saba gani, kullum yana cin tsibirin kaɗan-kaɗan. Haihuwa biyu Gumsu ta yi a baya, duka biyun da ƙyar aka ceto ta, jariran kuma ba su zo da rai ba. Ungozoma ta ja musu kunne, ta uku kada ta same ta nesa da asibiti.

Abin da bai faɗa ba, kuma shi ya fi ci masa rai, shi ne yadda aka yi ta zauna. Ranar Litinin da ta wuce jirgin ba zai ɗauki kifin da mutanen gaba ɗaya ba. Gumsu ta ce ya fara kai bandar kafin ƙwari su shiga, ita ai da sauran kwanaki, ya je ya dawo jibi. Da ya ce a'a, da ta shiga jirgin ba musu. Bai ce ba. Ya loda buhunan, ya bar ta tsaye kusa da murhun banda, hannu ɗaya a ƙugu, ruwa bai fi taku goma da murhun ba. Saura kaɗan ya iso Baga, garin bakin tafki, injin ya mutu. Ya bi masu jiragen gora ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce masa bana gora ba ta taɓa ƙasa a tsakiyar tafki, ga iska, ba mai kai kansa. Shi ne ya naɗe injin ya hau motar kifi, kwana biyu suna tono taya daga yashi.

Nnadozie ya goge hannu. Shi ma yana da 'ya'ya, kuma ya san abin da ake nufi da haihuwa mai gardama. Ya ce, "Malam Ba'ana, da tsatsa tana jin magana da na roƙe ta. In na yi maka sauri na fasa ƙafar nan, babu irinta sai Legas. Ka bar ni da ita zuwa Litinin."

Suka rataye injin a reshen dogonyaron da ke bayan rumfar, farfela tana kallon sama. Nnadozie ya ɗura man, ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar sukudireba, ya koma ƙarƙashin wata mota. Ba'ana ya zauna a gindin bishiyar yana kallon mai yana ɗiga, har aka kira sallar Juma'a.

A unguwar Fezzan ya sauka, gidan yayarsa Zainaba. Mijinta ya rasu da daɗewa, da sana'ar ɗanwake take riƙe kanta. Mace ce mai zuciyar kirki da kuma tabbaci a kan komai. Ba a taɓa kawo mata ciwo ta ce ba ta san maganinsa ba, kuma da yake yawancin ciwo yana warkewa da kansa, sunanta ya yi kyau a unguwa. A gidanta aka shirya Gumsu za ta yi jego. Ta share ɗaki ta turara shi. Ta tara itacen wankan jego har ya kusa kai tsayin katanga, ta samo rabin duro na dafa ruwa. A kusurwar ɗakin kuma ga wani falalen kanwa ungurnu, fari tas, wanda Ba'ana da kansa ya zaɓo mata a bakin tafki tun ciki yana wata huɗu, don kunun mai jego.

Asabar ta wuce masa kamar shekara. Ya zaga gari yana tambayar ko akwai mai wani injin, aka yi ta tura shi daga wannan zuwa wancan, har ya dawo inda ya fara. Sau huɗu yana zuwa gindin dogonyaron. Kowane zuwa sai ya kama ƙafar ya girgiza, Nnadozie ya ɗago kai daga aikinsa ya ce ya bari, ana cikin yi. Ba'ana bai ga ana cikin yin komai ba. Ya ga dai mutum yana zuba cokali biyu na mai yana tafiyarsa, shi kuwa a ransa yana ƙirga takun da ya rage tsakanin ruwa da murhun banda.

Ranar Lahadi da safe ya tarar da rumfar a rufe. Nnadozie ya zo da sassafe ya ɗura mai, ya wuce coci da iyalinsa. Wannan ya yi wa Ba'ana ciwo ƙwarai, ko da yake shi ma ranar Juma'a ya bar injin ya tafi masallaci. Ya koma gida ya zauna a kan turmi, ya haɗa kai da gwiwa.

Zainaba tana tsakar gida tana dafa ganda. Ta tambaye shi wai shin mene ne ainihin abin da ya gagara, ya ce mata ƙarfe ne ya kama ƙarfe ya ƙi saki. Ta gutsuri kanwa ta jefa a tukunya, ta ce ita ba ta ga abin da ya kai fatar sa tauri ba, amma ga ta nan, kafin azahar za ta yi laushi kamar tuwo. Ta ce wake mai shekara biyu a rumbu, kanwa ke karya masa taurin kai. Mai kuwa me ya taɓa narkarwa?

"Ya Zainaba, wannan inji ne," in ji shi, amma a hankali ya faɗa.

Gaskiyar magana, maganar ta riga ta shige shi. Kafin ya koma kifi, shekara shida ya yi yana dakon kanwa a tafki. Ya ga yadda take cin igiya, ya ga yadda take zaizaye tafin hannun masu lodi. A ganinsa abin da ke cin igiya ba zai kasa cin tsatsa ba. Bai tsaya ya tambayi kansa ko za ta san inda tsatsa ta ƙare ta tsaya ba. Ita kuwa Zainaba tun tasowarta a tukunyar ƙasa take girki, sai ta baƙin ƙarfe in ana biki. Ba ta taɓa ganin abin da kanwa ke yi wa wannan farin ƙarfe mara nauyi ba. Kuma ban da wannan duka, ga abin yi ya samu ga mutumin da kwana biyu ba a bar shi ya yi komai ba.

Ya ari amalanke ya je ya kwanto injin. Suka girka rabin duron a kan duwatsu, suka cika shi da ruwa. Zainaba ta fito da falalen kanwar Gumsu, ta ɗan yi jim da shi a hannu, sannan ta ce ai in mai jego ta iso a sayi wata. Ta daka shi duka a turmi ta juye, ta ƙara da ruwan toka mai kauri don ya yi ƙarfi. Suka tsayar da injin jikin katanga, ƙafar a cikin ruwa har wuya, suka hura wuta da itacen wanka.

Ba a jima ba ruwan ya fara aiki. Ƙananan kumfa suka riƙa tasowa daga jikin ƙafar, suna fashewa da wata 'yar ƙara, wani toka-tokan datti yana taruwa a sama. Zainaba ta kira shi ya zo ya gani. Ta ce ga tsatsar nan tana fita da idonsa.

Abin tausayi, wannan Lahadi ita ce rana mafi daɗi da Ba'ana ya yi tun da ya baro tafki. Ya yi ta tura itace, yana kwashe dattin da ludayi. Ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ya ba Zainaba labarin yadda Gumsu ke faɗa da tsoho Kashim da hannu saboda ba ya ji, suka yi dariya. Maƙwabta suka leƙo, kowa ya ce lallai kanwa ba wasa ba. Kafin magariba itacen ya yi rabi. Suka bar ƙafar a ciki ta kwana, don aikin ya kama sosai.

Da gari ya waye ya ɗago injin. Ƙafar ta yi baƙi-baƙi, jikinta da yake sumul ya koma kaushi kamar dutsen niƙa. Ya ce wa kansa ai launi ba komai ba ne. Ya kama ya ja. Ba ta motsa ba. Ya sake ja, Zainaba ta riƙe masa kan injin, tana nan yadda take ranar Juma'a. Ya ɗora injin a amalanke.

Ya tarar da Nnadozie a gindin dogonyaro, gwangwanin mai a hannu, yana kallon igiya ba komai a jikinta. Da ya ga abin da ke cikin amalanken sai ya ajiye gwangwanin a hankali. Ya shafa ƙafar, ya kankare ta da farce, wani gari ya zubo. Ya tambayi abin da aka sa mata, Ba'ana ya ce kanwa. Ya tambaya ko da zafi, ya ce da zafi, tun jiya da hantsi.

Ba'ana ya so a ce mutumin nan ya zage shi, da ya ji sauƙi. Nnadozie bai zage shi ba. Ya ce ya kama su kwantar da injin a kan benci. Ya ɗauko wasu 'yan katako biyu da ya fiƙe bakinsu tun ranar Asabar, ya cusa ɗaya a tsagin ta dama, ɗaya ta hagu. Ya ɗauki ƙaramar guduma ya taɓa na dama, ya taɓa na hagu, ya koma na dama. A bugu na biyar aka ji wani ɗan ƙas daga can cikin injin, ƙafar ta sulluɓo ta faɗo hannunsa.

Ya juyo kan sandar ya nuna wa Ba'ana. Ya jiƙe sharkaf da kananzir, tsatsar ta zama laka.

"Nan ne ya kama," in ji shi. "Nan sama. Kanwarka ko kusa da wurin ba ta zo ba. Yau Litinin, ko ba haka na ce maka ba?"

Sannan ya ɗaga ƙafar ya saita ta da rana. Haske ya ratso ta wurare da yawa, ƙananan huji kamar na rariya. Ya taɓa ɗaya daga cikin kunnuwan da noti ke shiga, ya gutsure a hannunsa kamar ƙuliƙuli. Ta ƙasa, inda giya take, man da ke ciki yana tsiyaya fari-fari, ya gauraya da ruwan kanwa.

Ba'ana ya zauna a ƙasa. Ya tambaya in an aika Legas kwana nawa. Nnadozie ya ce in an yi sa'a suna da irinta, mako uku, in ba su da ita sai an jira jirgin ruwa ya kawo daga ƙasar waje.

Sauya robar kuwa, wadda saboda ita aka yi duk wannan wahala, ko minti goma bai ɗauka ba. Sauran yinin a kan faci ya tafi. Nnadozie ya ture aikin motar da ke gabansa, ya wanke giyar da kananzir, ya yanka gwangwani ya lulluɓe inda hujin ya fi yawa, ya bi da kwalta mai zafi, ya ɗaure wurin kunnen da ya gutsure da waya ninki huɗu. Bai ci abincin rana ba. Da la'asar suka tsayar da injin a duro mai ruwa, Ba'ana ya ja igiya. A ja na uku ya tashi, ruwan sanyi yana tsartowa ta baya yadda ya kamata. Ba'ana ya ɗago kai da sauri. Nnadozie bai dube shi ba, ruwan duron yake kallo, inda wani siririn maiƙo ya fara yaɗuwa a sama.

Ya kashe injin ya tambaya tafiyar awa nawa ce daga Baga zuwa tsibirin. Ba'ana ya ce bakwai, in ba iska.

"Biyu zan iya ce maka," in ji Nnadozie. "Uku in Allah ya taimaka. Bayan nan ruwa zai cika giya, ta ci kanta. In ta mutu a tsakiya, ba gaba ba baya. Ka jira ta Legas, Malam Ba'ana."

Ba'ana ya ce yau kwana takwas ke nan da ya ce mata jibi. Nnadozie bai ƙara roƙonsa ba. Ya cika masa gwangwani biyu da man giya, ya nuna masa ramin da ake ɗurawa, ya ce kada ya buɗe wuta, ya riƙa tsayawa duk rabin awa yana ƙarawa. Ya taya shi naɗe injin a tabarma, ya ɗaure da hannunsa.

Washegari da safe Zainaba ta same shi a tasha, motar kifi tana shirin komawa Baga. Ya riga ya sayi filafili sabo, na tuƙa jirgi da hannu, ya soke shi a jikin tabarmar. Ta miƙa masa ƙunshi a ɗaure da tsohon zane, ta ce ya yafe mata. Ya ce ba ita ta kwanto injin daga bishiya ba. Ta tsaya a wurin har motar ta tashi, ba ta ɗaga hannu ba.

Sai da suka bar gari, kwalta ta ƙare aka shiga yashi, sannan ya kwance ƙunshin yana neman abin da zai sa a baki. Ga guzuri a sama. A ƙarƙashinsa ga reza sabuwa, da zare, da sabulu, da 'yan riguna biyu da aka ɗinka wa jariri. Ga wani ɗan ƙulli, da ya buɗe sai ya ga garin kanwa ne, abin da ta kankaro daga gindin turmi, bai fi na kunu sau biyu ba. Can ƙasa kuma ga farin yadi sabo fil, irin na likkafani, a ninke.

Ya warware shi a kan cinyarsa, ya auna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Zai ishi babba ɗaya, har a rage ɗan ƙyalle na ƙarami. Ba ta faɗi na wanda ta yanko ba, shi ma ya san ba ta sani ba. Ya ninke shi yadda ya same shi, ya mayar ƙarƙashin rigunan, ya ɗaure ƙunshin. Motar ta faɗa rami, ya sa hannu biyu ya riƙe injin kada ƙafar ta bugi katako.